Yadda Za Ka Ga Tayin Tsutsa Yana Gina Hanji da Maƙoshi: Jagora Ga Sabon Ɗalibi a Jidda

Kusan duk shekara, cikin ƙannenmu da ke zuwa Jidda karatu daga Kano ko Damagaram ko Sakkwato, akan samu ɗaya da aka tura ɓangaren nazarin halittu. Kafin ya cika mako biyu sai ga shi a ɗakina bayan isha'i, riƙe da faranti, yana cewa, "Yaya, an ce in yi aiki da tsutsa, ni kuwa ban ga komai a ciki ba." Na sha yin bayanin nan a kan tabarma har shayi ya huce, shi ya sa na zauna na rubuta shi.

Tsutsar sunanta Caenorhabditis elegans, tsawonta bai wuce milimita 1 ba. Dangin kurkunu ce da tsutsar ciki, amma ita ba ta shiga jikin mutum, a cikin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace da taki take rayuwa tana cin bakteriya. Wata Hajiya maƙwabciyarmu, Bahausar Makka ce haihuwar nan, da ta ji sana'ata sai ta hana ni taɓa mata tulun zamzam sai na wanke hannu sau uku. Na wanke, ban yi gardama ba.

Sydney Brenner ne ya zaɓe ta don bincike, ya wallafa babban aikinsa a kanta a 1974. Jikinta garau yake kamar gilashi, har John Sulston da abokan aikinsa suka zauna suka bi kowace ƙwayar halitta, wadda za mu riƙa kira sel, tun daga ƙwai har ƙyanƙyasa, suka fitar da taswirar a 1983. Tayin yana ƙyanƙyashewa da sel 558, babbar tsutsa mata-maza kuma tana da 959 idan ba a haɗa da na haihuwa ba. A 2002 aka ba Brenner da Sulston da Robert Horvitz kyautar Nobel saboda gano yadda ƙwayoyin gado ke sarrafa ginin gaɓoɓi da mutuwar sel da aka tsara. Aikinka shi ne ka ga wannan da idonka, kuma gaɓoɓi biyu sun ishe ka: hanji da maƙoshi. Na zaɓe su ne saboda hanyar gina su ta sha bamban.

Ka fara raya ta, kada zafi ya kashe maka ita

Nau'in da kowa ke aiki da shi sunansa N2, asalinsa daga Bristol ta Ingila. Cibiyar CGC da ke Jami'ar Minnesota a Amurka ce ke rarraba shi. Idan akwai wani ɗakin gwaji kusa da ke da shi, ka roƙa a yanko maka ɗan gutsuren aga, wato daskararren abin da ake zubawa a faranti, mai tsutsa a kai, ya fi sauƙi. Idan kuwa dole sai an aiko daga waje, ka bi ta ofishin da ke kula da shigo da kayan halitta a makarantarku, kuma ka sa a aiko cikin watannin sanyi.

Farantin da take zama a kai ana kiran sa NGM. A lita 1: gishirin NaCl giram 3, fefton giram 2.5, aga giram 17, ruwa mililita 975. Ka dafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ka bari ya huce har ka iya riƙe kwalbar, sannan ka zuba mililita 1 na CaCl2 mai ƙarfin mola 1, mililita 1 na MgSO4 mola 1, mililita 1 na kolestarol mai miligiram 5 a kowace mililita ta etanol, da mililita 25 na fotashiyam fosfet mola 1 mai pH 6. Kada ka manta kolestarol, tsutsar ba ta iya ƙera shi da kanta. Idan farantai sun daskare sai ka ɗiga musu bakteriyar E. coli nau'in OP50, ka bar su kwana ɗaya ko biyu. Abincinta ke nan.

Maganar zafi ita ce ta fi damun mu a nan. Tsutsar tana son digiri 15 zuwa 25, kuma 20 ne ma'aunin da aka saba. A 20 takan ɗauki kwana uku da ɗan wani abu daga ƙwai zuwa babba, uwa ɗaya ta haifi kusan 300. Da zarar an haura 25 haihuwa ta fara ja baya. Yanzu ka tuna yadda cikin mota yake a Jidda da azahar a watan Yuli. Na taɓa ɗauko farantai daga wani gini zuwa wani, na tsaya sallah na bar su a kujerar baya, da na dawo ko ɗaya ba ta motsi. Tun daga ranar, in zan fita da su sai a cikin kular abinci da ƙanƙara a naɗe da tawul. Ka kuma bincika ko ana kashe na'urar sanyaya ɗaki lokacin hutun sallah, domin injin ajiyar da ke riƙe digiri 20 yakan gaza idan ɗakin da yake ciki ya yi zafi.

Za ka buƙaci tsinken ɗauka: guntuwar wayar filatinam da aka liƙa a bakin bututun gilashi, aka daddale bakinta. Ka ƙona ta a wuta, ka ɗan shafo bakteriya don ta yi danƙo, ka taɓa tsutsa a hankali. Makon farko za ka yi ta huda aga kana kashe su. Kowa haka ya fara.

Fito da tayi

Uwa ba ta sakin ƙwai sai tayin ya kai wajen sel 30, alhali abin da kake nema ya faru tun yana sel 4. Saboda haka dole ka yanka ta. Ka ɗauki manya biyar zuwa goma waɗanda ƙwai ya yi layi a cikinsu, ka sa a ɗigon ruwan gishirin da ake kira M9 a kan siririn gilashin rufi, ka yanke kowacce a tsakiya da allurai biyu ko bakin aska, a ƙarƙashin madubin rarrabewa. Tayi zai zubo. Ka narka agaros, wato tataccen aga, kashi 2 cikin 100, ka ɗiga a kan gilashi, ka danne da wani gilashin don ya zama siririyar katifa, ka kifa gilashin rufin a kai, ka toshe gefuna da basilin don kada ya bushe. Tayin da bai gama yin ɓawonsa ba ba ya jure canjin gishirin ruwa, don haka in ka ga wani ya kumbura ya tsaya, ka bar shi ka nemi wani.

Idan tayi masu yawa kake so ba tare da damuwa da shekarunsu ba, akwai hanyar bilic, wanda a nan kowa ke ce wa Clorox. Ana haɗa shi da NaOH, ya narkar da iyaye cikin mintoci kaɗan ya bar ƙwai, sai a wanke da M9 sau uku ko huɗu. Kada ka wuce lokaci, bilic ba ya tausayin ƙwai idan ya daɗe.

Ka zauna da lafiyayyen tayi kafin ka taɓa komai

Wannan matakin ne ɗalibai ke son tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne. Wanda bai san kamannin lafiyayye ba, ta yaya zai gane mai naƙasa? Ka samu babban madubi mai tsarin Nomaski, wato DIC, ka sa ido mai ƙarfin 60 ko 100 da mai. Tayin tsawonsa wajen maikuromita 50 ne. Ka rage hasken fitila, domin tana dumama gilashi.

Wajen da maniyyi ya shiga shi ne zai zama baya. Furotin da ake kira PAR suna raba ƙwan gida biyu, wasu su taru a gaba, wasu a baya, shi ya sa rabuwar farko ba ta daidaita: babban sel a gaba, sunansa AB, ƙarami a baya, sunansa P1. AB ne ke riga rabuwa da minti ɗaya ko biyu, ya ba da ABa da ABp. P1 ya bi baya ya ba da EMS da P2. Ka tsaya nan ka zana abin da ka gani a littafinka. Ka lura da kyau: P2 yana jingine da ABp, yana jingine da EMS, amma bai taɓa ABa ba. Rabin labarin gaɓoɓin tsutsar nan yana cikin wannan zaman na wa ke kusa da wa.

EMS zai rabu ya ba da MS a gaba da E a baya. P2 zai ba da C da P3, P3 ya ba da D da P4, kuma daga P4 ne zuriyar ƙwai da maniyyi za ta fito. Wajen minti 100 bayan rabuwar farko, tayi yana da sel 26 zuwa 28, za ka ga 'ya'yan E guda biyu sun nutse ciki. Daga baya tayi zai lanƙwasa kamar waƙafi, ya yi ninki biyu, ya yi uku, ya fara juyi a cikin ɓawo, ya ƙyanƙyashe bayan kusan awa 14. Ba sai ka zauna duka a zama ɗaya ba. Daga sel 1 zuwa nutsewar E zaman da bai wuce tsakanin la'asar da magariba ba ne. Ka yi shi aƙalla sau goma.

Hanji: gida ɗaya, kaka ɗaya

Dukan hanjin tsutsar sel 20 ne, dukansu jikokin E ne, kuma E ba ya haifar komai sai hanji. To wa ya gaya wa E aikinsa?

Uwa ce ta fara. Tun kafin tayi ya soma karanta ƙwayoyin gadonsa, ta zuba masa guzuri a cikin ƙwai, ciki har da saƙon ƙera furotin SKN-1. A matakin sel 4, SKN-1 yana cikin EMS da P2 duka biyu. Amma a P2 akwai wani furotin, PIE-1, da ke rufe bakin ƙwayoyin gado don a adana wannan layin saboda haihuwa. Ke nan a EMS kaɗai SKN-1 ke samun sarari, ya kunna ƙwayoyin gado med-1 da med-2.

Wannan bai isa ya raba E da MS ba, tunda uwarsu ɗaya. Abin da ya raba su maƙwabtaka ce. P2 yana aika saƙo na dangin Wnt, ta hanyar ƙwayar gado mom-2, zuwa gefen EMS da ke jingine da shi. Bob Goldstein ya nuna haka a 1992 da hannunsa: ya ware EMS da wuri, bai yi hanji ba, ya mayar da shi jikin P2, ya yi. Sakamakon saƙon shi ne furotin POP-1 ya ragu a cibiyar E, wato ɗakin da ƙwayoyin gadonsa suke, furotin SYS-1 kuma ya ƙaru. A MS, inda POP-1 ke da yawa, yana danne ƙwayoyin gadon hanji. A E kuwa, shi wannan POP-1 ɗin, da ya haɗu da SYS-1, sai ya koma mai taimakawa wajen kunna end-1 da end-3. Su kuma su kunna elt-7 da elt-2, kuma ELT-2 ne ke riƙe da ragamar hanji har ƙarshen rayuwar tsutsa, yana kunna ƙwayoyin gadon narkar da abinci. Abin kamar saƙon da ake miƙawa hannu da hannu ne: na farkon suna yin aikinsu su ɓace, na ƙarshe ya zauna daram.

Ganin hanji yana da sauƙi, har da daɗi. Sel ɗin hanji suna tara wasu ƙananan tsabobi da ke ƙyalli a ƙarƙashin tacaccen haske mai fuska ɗaya. Ka juya matatan hasken biyu har fili ya yi baƙi ƙirin, sai ka ga hanji yana walƙiya kamar taurari a daren hunturu. Ko tayin da ya lalace bai yi siffar tsutsa ba, in yana da sel ɗin hanji za su nuna kansu.

Maƙoshi: 'yan gida daban-daban, shugaba ɗaya

Maƙoshin shi ne famfon da ke tsotso bakteriya ya niƙa ta. Yana da cibiyoyin sel 80, a cikinsu akwai tsoka, jijiya, gland da sauransu. Ba shi da kaka ɗaya kamar hanji. Ɓangaren baya galibi daga MS yake, na gaba daga zuriyar ABa, kuma MS da ABa duk suna haifar wasu abubuwan da ba maƙoshi ba.

Tun asali ABa da ABp ba su da bambanci. James Priess da Nichol Thomson sun musanya musu wuri da allura a 1987, tsutsa ta fito lafiya lau. Abin da ya bambanta su shi ne wancan jinginar da na ce ka zana. Dukansu suna ɗauke da GLP-1, mai karɓar saƙo na dangin Notch, amma P2, mai ɗauke da saƙon APX-1, ABp kaɗai yake taɓawa. Wannan taɓin ya cire ABp daga hanyar maƙoshi. Da tayi ya kai sel 12, sai MS ya aika nasa saƙon ta GLP-1 ɗin dai, ga jikokin ABa biyu da ke jingine da shi, ABalp da ABara, su kuma su kama hanyar maƙoshi. Mai karɓa ɗaya, saƙo sau biyu, amsa iri biyu, saboda lokaci da tarihin sel sun canza.

Duk waɗannan baƙin juna, abin da ke tara su wuri guda ƙwayar gado ce mai suna pha-4, wadda Susan Mango da abokan aikinta suka bayyana a 1994. Duk sel da zai shiga maƙoshi yana kunna ta, ko tsoka zai zama ko jijiya. In babu ita babu maƙoshi sam. In aka tilasta ta a inda ba wurinta ba, sel ɗin da ba su da rabo su ma sai su ɗauki halin maƙoshi. Wani abin da ya fi burge ni shi ne aikin Jeb Gaudet da Mango na 2002: ƙwayoyin gadon da PHA-4 ke kama wa da ƙarfi sukan kunnu da wuri tun yana kaɗan, waɗanda yake kama wa sako-sako sukan jira sai ya yi yawa. Furotin ɗaya ke nan yana faɗin wace gaɓa, yana kuma taimakawa wajen faɗin yaushe. Danginsa, FoxA, suna jikinmu mu ma, suna aiki wajen ginin hanji da hanta.

Yanzu ka kashe ɗaya ka gani

Hanya mafi arha ta rufe wa ƙwayar gado baki ita ce RNAi, wadda Andrew Fire da Craig Mello suka bayyana a 1998 a wannan tsutsar, aka ba su Nobel a 2006. Ana ciyar da tsutsa bakteriya nau'in HT115 mai ɗauke da zoben DNA mai suna L4440, wanda aka saka wa guntun ƙwayar gadon da kake son rufe wa baki. Bakteriyar ta ƙera RNA mai igiya biyu, tsutsa ta ci, saƙon ya lalace a jikinta da na 'ya'yanta. Ɗakunan gwaji da yawa suna da tarin irin wannan bakteriya da ɗakin Julie Ahringer ya haɗa. Ka aika wanda ka ciro a karanta jerinsa kafin ka dogara da shi, domin wasu ramukan tarin ba abin da aka rubuta ba ne a ciki.

Ka yi farantan NGM da IPTG milimola 1 da kabenisilin maikurogiram 25 a kowace mililita. Ka raya bakteriyar a ruwan abincinta, LB, mai amfisilin ta kwana, ka ɗiga, ka bar farantai su kwana a ɗaki. Tunda makon aiki a nan daga Lahadi ne zuwa Alhamis, ga yadda nake tsarawa: Lahadi in shuka bakteriya a ruwa, Litinin in ɗiga a faranti, Talata in sa tsutsotsi masu matakin L4, wato matakin ƙarshe kafin su zama manya, waɗanda za ka gane da ɗan farin tabo kamar jinjirin wata a tsakiyar ciki. Laraba in mayar da su sabon faranti iri ɗaya su yi ƙwai na wasu awanni in cire su, Alhamis in duba. Ƙwan da aka fara yi ranar Talata ka yi watsi da su, guzurin uwa ya riga ya shiga cikinsu kafin maganin ya kama.

Farantai biyu ba a barin su ko da wasa. Ɗaya mai L4440 wanda ba a saka masa komai ba, shi ne shaidarka ta lafiyayye. Ɗaya kuma mai unc-22, wanda in ya yi aiki za ka ga 'ya'yan suna karkarwa, shi ke tabbatar maka farantanka na da kyau.

Ga abin da za ka sa ran gani. In ka rufe skn-1, tayi ba zai ƙyanƙyashe ba, babu maƙoshi, fata ta yi yawa, da yawansu kuma babu ƙyallin hanji, ko da yake wasu za su yi shi. A pop-1, MS ya koma kamar E, ƙyallin ya ƙaru sosai. A mom-2 akasin haka ne, E ya koma kamar MS, amma ba a kowane tayi ba. A pie-1, P2 ya kwaikwayi EMS, maƙoshi da hanji su yi yawa, layin haihuwa ya ɓace. A pha-4, wurin maƙoshi ya zama wayam. A elt-2 za ka sha mamaki: hanji yana nan, tsutsa ta ƙyanƙyashe, amma bututun ya toshe, ta mutu da yunwa tana ƙarama a kan tulin abinci. Idan kuma ka rufe end-1 ita kaɗai, da wuya ka ga wani abu, saboda end-3 tana rufa mata asiri. Na ga ɗalibin da ya kwashe wata guda yana zargin hannunsa a kan wannan.

Idan ɗakinku na da madubi mai hasken kore, ka nemi nau'in tsutsa mai GFP, wato furotin mai ƙyallin kore, a liƙe da elt-2 don hanji, ko myo-2 don tsokar maƙoshi. Martin Chalfie ne ya fara haska GFP a wannan tsutsar a 1994. Da shi za ka iya ƙirga cibiyoyin hanji ɗaya bayan ɗaya maimakon ƙiyasta ƙyalli.

Ka ƙirga tayi aƙalla 100 a kowane gwaji, ka rubuta nawa ne suka yi hanji, nawa ne ba su yi ba, ka rubuta zafin injin ajiya na ranar, ka maimaita sau uku a makonni daban-daban. In da hali ka ba abokinka ya rufe sunayen farantai da tef ya sa musu lamba kafin ka duba, domin ido yana son ganin abin da zuciya ta riga ta yanke.

Kafin ka tafi Umra ko hutun gida, ka daskarar da nau'o'inka. Ka bar faranti abinci ya ƙare har ƙananan L1, wato sabbin ƙyanƙyasa, su cika shi, ka wanke su da M9, ka gauraya da ruwan daskarewa mai gilisarol daidai wa daida, ka zuba a ƙananan kwalabe cikin akwatin soso don sanyi ya shige su a hankali, ka sa a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Bayan kwana biyu ka narkar da kwalba ɗaya a kan faranti, ka tabbata sun farfaɗo, sannan ka sayi tikiti.